SHARHI: Ma'aunin duniya kan digirin halayyar ɗan'adam, da abin da ya rage ga Gwadangaji

Da asubahin Litinin, 17 ga Nuwamba 2025, 'yan bindiga suka afka wa makarantar sakandaren 'yan mata da ke Maga, a ƙaramar hukumar Danko/Wasagu, suka kashe mataimakin shugaban makarantar, suka yi awon gaba da ɗalibai 25. Ɗaya ta kuɓuta, sauran 24 kuma aka sako su bayan kwana takwas. Jihar Kebbi ta yi ajiyar zuciya, aka ɗauki hotuna, aka yi godiya ga Allah, kowa ya koma harkarsa. Ba wannan ne karon farko ba. A ranar 17 ga Yuni 2021 an kwashi ɗaliban kwalejin gwamnatin tarayya ta Birnin Yauri, kuma 'yan mata na ƙarshe a cikinsu ba su dawo gida ba sai a 2023, bayan kusan shekara biyu a daji.

Tambayar da ba a cika yi ba ita ce ta bayan dawowa. Yarinyar da ta daina barci, wadda ƙarar babur ke sa jikinta ɓari, wadda ta ce ita da makaranta har abada, wa zai zauna da ita? Wane horo ya samu? Wa ya tabbatar ya iya abin da takardarsa ta ce ya iya? Haka tambayar take ga matan Mera, a ƙaramar hukumar Augie, da Lakurawa suka kashe wa mazaje a Nuwambar 2024, da iyalan waɗanda jirgin ruwa ya nutse da su kusa da Warrah a Mayun 2021, da manomin shinkafa na fadamar Argungu da ambaliyar 2020 ta cinye masa gona alhali bashi na wuyansa.

A wani gefen duniya, malaman jami'a daga nahiyoyi daban-daban sun shafe shekaru suna tattauna wani yanki na wannan tambaya. Aikin nasu bai yi ƙara ba, ko a jaridun Legas da Abuja. Amma ya kamata a san da shi a sakatariyar Gwadangaji, inda ma'aikatun jihar suke, domin a can ake yanke shawarar wanda gwamnati za ta ɗauka aiki da abin da za ta nema daga gare shi.

A 2022 ne aka kafa wani haɗin gwiwa da ake kira ICUPO, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Susan Nolan ta Jami'ar Seton Hall a Amurka da Jacquelyn Cranney ta Jami'ar New South Wales a Ostareliya. Abin da suka sa a gaba shi ne su amsa tambaya ɗaya: duk wanda ya kammala digirin farko a ilimin halayyar ɗan'adam, ko a ina ya yi karatun, me ya wajaba ya sani, me kuma ya wajaba ya iya yi? Da shawarar masana daga ƙasashe sama da arba'in, suka fitar da jerin ƙwarewa 24 da aka kasa gida bakwai. Gida biyu su ne ginshiƙi, wato sanin ilimin kansa da sanin hanyoyin bincike. Sauran biyar sun shafi ɗa'a da amanar aiki, da fahimtar al'adu da bambancin jama'a, da zurfin tunani wajen warware matsala, da iya magana da mu'amala, sai kuma gina kai da shirin shiga aiki.

Takardar ba doka ba ce, ba ta kuma tilasta wa kowace jami'a komai. Ba ita ce ta farko ba. Tun 2016 manyan ƙungiyoyin masana fannin biyu na duniya suka amince da wata sanarwa kan ƙwarewar da ake buƙata daga wanda zai yi aikin a matsayin sana'a. Turai na da takardar shaida ta bai ɗaya mai suna EuroPsy, wadda ke buƙatar karatun shekara biyar da ƙarin shekara ɗaya ta aiki ƙarƙashin kulawar gwani. Ƙungiyar masana fannin ta Amurka ta sabunta nata jagoran digirin farko a 2023. Giɓin da sabon aikin ya zo cikewa shi ne na matakin ƙasa, matakin da mafi yawan ɗalibai ke tsayawa, domin a ƙasashe da dama akasarin masu wannan digiri ba sa zama masu duba marasa lafiya. Suna zama malaman makaranta, ma'aikatan jin daɗin jama'a, 'yan sanda, jami'an gidan gyaran hali, ma'aikatan banki, 'yan jarida.

Wannan batu na ƙarshe shi ne ya fi shafar Kebbi. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Najeriya ta sha faɗa cewa 'ya'yanta da ke aiki a cikin ƙasar ba su kai 300 ba, ga al'ummar da ta haura miliyan 200, kuma mafi yawansu suna manyan birane. Mutumin Kamba ko Zuru da ciwon ɗan'uwansa ya yi tsanani yakan kama hanyar asibitin tarayya na Kware a jihar Sakkwato, idan yana da kuɗin mota. Ko an ninka yawan likitocin sau biyar, ba za su isa kowace makarantar kwana da kowane sansanin 'yan gudun hijira ba. Wanda zai fara ganin yarinyar Maga shi ne malamin ajinta, ko uwar ɗakin kwanan ɗalibai, ko jami'in lafiya na ƙauye. Saboda haka ingancin ilimin halayyar ɗan'adam da ake bai wa matsakaicin ma'aikaci ya fi yawan ƙwararrun da ke sama tasiri a rayuwar talaka.

An gwada wannan a Afirka, ba a Turai ba. A Zimbabuwe, Dakta Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata, aka zaunar da su a kan benci a harabar ƙananan asibitoci suna sauraron masu ƙuncin rai, suna bin wata hanya mai sauƙi ta warware matsala mataki-mataki. Binciken da aka wallafa a mujallar likitoci ta JAMA a 2016 ya nuna waɗanda suka zauna da tsofaffin sun fi samun sauƙi a kan waɗanda aka yi wa kulawar da aka saba. Abin lura shi ne ba da sunan Turanci aka kira ciwon ba. Da kalmar harshen Shona aka kira shi, wadda ma'anarta ita ce yawan tunani. Bahaushe ma da zai ji haka zai gane, domin shi ma cewa yake yi tunani ya yi wa wane yawa. Tun kafin wannan, a 1954, Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fara tsarin ƙauyen Aro a Abeokuta, inda masu jinya ke zama a gidajen mutanen gari tare da danginsu, ana kuma aiki da masu maganin gargajiya. Daga baya ya zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya.

To ina Najeriya ta tsaya a yau? Sashen koyar da ilimin halayyar ɗan'adam na farko an buɗe shi ne a Jami'ar Nsukka a 1964, kuma fannin ya fi kafuwa a kudu. A arewa, Jami'ar Jos ce ta daɗe da yin suna a kansa. A Kebbi, inda jami'ar jiha da ke Aliero ta fara a 2006, ta tarayya da ke Birnin Kebbi kuma a 2013, mafi yawan waɗanda suka taɓa cin karo da wannan ilimi sun gamu da shi ne a matsayin darasi cikin karatun malanta, kamar a Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie da ke Argungu, ko cikin karatun aikin jinya. Ɗalibi ya haddace sunan Piaget da Pavlov da Freud, ya zuba su a takardar jarrabawa, ya ci, ya manta. Ba laifin malamin ba ne kaɗai. Aji mai ɗaruruwan ɗalibai ba ya ba da damar a zaunar da kowa a ga yadda yake sauraron mutum.

A Disambar 2022 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, wato NUC, ta ƙaddamar da sabuwar manhaja mai suna CCMAS, wadda ta maye gurbin ta 2007. Hukumar ta tsara kashi 70 cikin ɗari na abin da za a koyar, ta bar wa kowace jami'a kashi 30 ta cika da abin da ya dace da yankinta. Ƙungiyar ASUU ta yi tir da tsarin a 2023, tana ganin an ƙwace wa majalisun jami'o'i ikon da doka ta ba su. Ƙorafin yana da tushe. Sai dai a lokacin da ake jayayya kan kashi 70, ba a yi maganar kashi 30 ɗin sosai ba, alhali nan ne ƙofar take. Jami'ar da ke kwarin Rima za ta iya amfani da wannan kaso ta koyar da yadda ake tallafa wa wanda ya fito daga hannun masu garkuwa, da yadda ake magana da saurayin da ya faɗa shaye-shaye, da yadda ake yin duk wannan da Hausa, da Fulatanci, da Zabarmanci, da Dakarci. Binciken 2018 da aka yi da haɗin gwiwar ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya ƙiyasta cewa 'yan Najeriya miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da ƙwaya a shekarar da ta gabaci binciken. Ba a rasa aikin yi ba.

Mai shakka zai ce wannan ma wata sabuwar riga ce da aka ɗinka a waje za a zo a saka mana. Shakkar ba ta banza ba ce. A 2008 Jeffrey Arnett ya duba manyan mujallun fannin, ya gano kashi 96 cikin ɗari na mutanen da aka yi bincike a kansu sun fito ne daga ƙasashen Yamma masu arzikin masana'antu, waɗanda ba su wuce kashi 12 na al'ummar duniya ba. Amurkawa kaɗai sun kai kashi 68. A 2010 Joseph Henrich da abokan aikinsa suka nuna cewa waɗannan mutane, musamman ɗaliban jami'a da aka fi gwaji da su, sukan bambanta da sauran jama'ar duniya a yadda suke kallon kai da adalci da zumunci. Wato abin da littafi ke kira halin ɗan'adam sau da yawa halin ɗan jami'ar Amurka ne.

Ga misali daga gida. Littafin da aka rubuta a Boston zai koya wa ɗalibi cewa yaron da ba ya haɗa ido da babba yana iya kasancewa da matsala, kuma uwar da ba ta kiran sunan ɗanta ko nuna masa so a bainar jama'a ba ta shaƙu da shi ba. A ƙasar Hausa na farko ladabi ne, na biyu kuma kunyar ɗan fari ce, al'adar da duk wanda ya tashi a Gwandu ko Jega ya san ta. Ma'aikacin da ya auna wannan uwa da ma'aunin littafin zai rubuta ƙarya a rahotonsa, da zuciya ɗaya. A ɗaya ɓangaren kuma, wanda ya ce komai al'ada ce zai bar yarinyar da aka ci zarafinta ta yi shiru har abada, saboda an ce mata haƙuri. Gane inda kunya ta ƙare, ciwo ya fara, shi ne ainihin ƙwarewar, kuma ba a samun ta daga fassarar littafi. Anthony Kirk-Greene ya yi ƙoƙarin bayyana siffofin mutumin kirki a idon Bahaushe tun 1974. Malik Badri, masanin nan ɗan Sudan da ya rasu a 2021, ya rubuta littafi a 1979 kan tsaka mai wuyar da Musulmi masanin wannan fanni ke shiga, shi ne kuma ya sake jawo hankali ga Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya yi rubutu kan lafiyar jiki da ta rai fiye da shekara dubu da suka wuce. Kayan gini suna nan, magina ne ba su taru ba.

A nan ne sabon ma'aunin ya cancanci yabo kaɗan. Bai ce a koyar da littafi kaza ko ra'ayin wane ba. Ya sa fahimtar al'ada a cikin abubuwan da dole ɗalibi ya iya, ya kuma bar wa kowace ƙasa ta fassara shi yadda ya dace da ita. Amma yabon iyakarsa ke nan. Da Turanci aka yi tattaunawar, ta intanet, tsakanin malaman da ke da wuta da lokaci. Rubuta cewa ɗalibi ya girmama al'ada abu ne mai sauƙi. Samar da gwajin tantance damuwa da aka inganta da Hausar Kabi, da malamin da zai koyar da shi, da wurin da ɗalibi zai je ya gwada a ƙarƙashin kulawa, wannan kuɗi yake ci, kuma babu wani kwamitin duniya da zai biya.

Akwai haɗari na biyu da matasa suka fi kowa sani. Duk lokacin da takardar Najeriya ta zama mai sauƙin karantawa a Landan ko Toronto, mai ita ya ƙara kusantar filin jirgi. Hakan ya faru da likitoci da ma'aikatan jinya, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa Najeriya cikin ƙasashe 55 da ta ce a yi hattara wajen kwashe musu ma'aikatan lafiya a jerinta na 2023. Sai dai maganin wannan ba shi ne a bar digirin ya lalace don kada a so shi a waje ba. Wanda ba shi da aikin yi a gida zai tafi, ko da ma'auni ko babu.

Kuma ga jihar da ke kan iyaka, amincewa da takardun juna ba maganar Landan ba ce kawai. Kebbi ta yi iyaka da Nijar da Benin, yaren da ake yi a Kamba shi ake yi a Gaya, 'yan gudun hijira da 'yan bindiga duk ba sa tambayar inda layin yake. Jami'o'in Nijar suna bin tsarin ƙasashe masu amfani da Faransanci, na Najeriya suna bin nasu. Ma'aunin da ke duba abin da mutum ya iya, ba yawan darussan da ya zauna ba, zai iya zama harshen da ɓangarorin biyu za su fahimci juna da shi. Zai kuma taimaka wajen tace gurɓatattu. Ba a manta ba, a ƙarshen 2023 ɗan jarida Umar Audu ya fallasa yadda ya sayi digiri daga wata makaranta a Kwatano cikin mako shida, abin da ya sa gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance takardun Benin da Togo a farkon Janairun 2024. Takarda ana sayen ta. Zama da mutum na rabin awa a gaban mai jarrabawa ba ya sayuwa cikin sauƙi.

Haɗari na uku shi ne mafi kusa, wato a ɗauki digirin farko a matsayin lasisin yin magani. Waɗanda suka tsara ma'aunin sun bambanta ƙwarewar tushe da ta sana'a, kuma ɗaya daga cikin abubuwan da ɗa'ar aikin ke buƙata shi ne mutum ya san iyakarsa, ya san lokacin da zai tura mara lafiya gaba. A Ghana doka ta kafa majalisar kula da masu wannan aiki tun 2013, a Kenya kuma tun 2014. A Najeriya an samu dokar majalisar masu aikin ba da shawara a 2022, yayin da ƙungiyar masana halayyar ɗan'adam ta shafe shekaru tana neman tata. Inda tsari ya yi rauni, kowa na iya buɗe shafi a Facebook ko TikTok ya kira kansa gwanin gyaran aure da warkar da damuwa. Abin da aka gani a gidajen mari na Rigasa a Kaduna da na Daura a 2019, inda aka fito da ɗaruruwan mutane, wasu da sarƙa a ƙafa, ya isa ya nuna inda iyalai ke kai nasu idan ba su da wata ƙofa. Rufe irin waɗannan gidaje bai kawar da buƙatar da ta haife su ba. Binciken da Farfesa Oye Gureje ya jagoranta a Ibadan da Kumasi, wanda aka wallafa a mujallar Lancet a 2020, ya nuna cewa idan ma'aikatan lafiya suka yi aiki tare da masu maganin gargajiya da na addini, masu taɓin hankali sun fi samun sauƙi. Mai digirin da ya raina malamin zaure ba zai yi nisa ba a Argungu.

Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023 ta kawar da tsohuwar dokar 1958, wadda tushenta na zamanin Turawa ne, ta kuma tanadi haƙƙoƙin masu jinya. Amma kiwon lafiya a matakin farko da makarantun sakandare na jiha ba a Abuja ake gudanar da su ba. Gwamna Nasir Idris ya taɓa shugabantar ƙungiyar malamai ta ƙasa, don haka ba sai an yi masa dogon bayani kan abin da malamin aji ke gani ba. Abubuwan da ke hannun jiha sanannu ne: ta buɗe gurabe a tsarin aikin gwamnati ga masu wannan ilimi a makarantun kwana da manyan asibitoci da hukumar agajin gaggawa, ta ware wani kaso na tallafin karatu ga 'yan jihar da za su karanci fannin har matakin ƙwarewa, da sharaɗin su dawo su yi aiki, ta kuma nemi kwalejin Argungu da jami'ar Aliero su auna ɗaliban malanta da abin da suka iya yi a gaban yaro mai firgici, ba da abin da suka haddace kaɗai ba. Jerin ƙwarewa 24 ɗin yana nan a intanet kyauta, kuma shugaban sashe ɗaya da malamai uku za su iya zama su gwada shi da manhajarsu cikin hutu guda.

Kasafin kuɗin jiha yakan je gaban majalisar dokoki a ƙarshen kowace shekara, kwamitocin ilimi da na lafiya su kira kwamishinoni su kare abin da suka nema. Matasan da suka cika kafafen sada zumunta da kiran a ceto 'yan matan Maga suna da damar duba takardar, su nemi layin da ya shafi kula da lafiyar tunanin ɗalibai, su ga ko akwai shi, nawa aka sa, nawa aka saki a bara, sannan su tambayi ɗan majalisar mazaɓarsu mutum nawa masu horo aka tura makarantun Danko/Wasagu da Yauri tun daga 2021.